Me Ya Sa Injin Kwale-kwale Ke Ɗaukar Zafi Alhali Yana Tsakiyar Teku?

Ka ɗauka kana cikin kwale-kwale, kun baro gaɓar Tema ko Elmina a Ghana tun da asuba, ko kuwa kana jigilar fasinja daga Ikorodu zuwa tsibirin Legas. Inji na ta aikinsa lafiya lau. Can ka waiga baya, sai ka ga siririn ruwan nan da ke tsartuwa daga gefen injin ya ɗauke. Ba ka gama tunanin abin yi ba, sai ƙarfin injin ya fara raguwa, warin fenti mai ƙonewa ya buso maka. Ruwa gabas, ruwa yamma, amma injinka ƙishirwa ce ke neman kashe shi.

Wannan matsala tana cikin waɗanda suka fi kashe injin da ake ratayawa a bayan kwale-kwale. Kuma asarar ba ta tsaya ga kuɗi ba, duk da cewa sau da yawa injin shi ne jarin gida gaba ɗaya. Motar da ta lalace a hanyar Kaduna sai a tura ta gefen titi. Jirgin da injinsa ya mutu a teku kuwa, iska da igiyar ruwa ne za su zaɓar masa inda zai nufa.

Idan ka saba da irin wannan inji a Yawuri, Kainji ko tafkin Chadi, kusan duk abin da za mu faɗa ya shafe ka. Sai dai ruwan teku yana zuwa da wani abokin gaba da ruwan kogi ba shi da shi, wato gishiri. Hanyar gano matsalar kuma ɗaya ce: ka san hanyar da ruwa ke bi a cikin injin, sannan ka bi ta daki-daki, daga abu mai sauƙi zuwa mai wuya.

Daga ina duk wannan zafin yake fitowa?

A cikin silinda, fetur da iska suna ƙonewa da zafin da ya haura digiri 2,000 a ma'aunin Selsiyus. Alminiyam ɗin da aka ƙera gangar injin da shi kuwa yana narkewa ne a wajen digiri 660. Cikin ƙarfin da ke cikin fetur, abin da ke isa ga farfela bai wuce kashi ɗaya cikin uku ba, a injin da ake haɗa wa mai da fetur ma bai kai haka ba. Sauran duk zafi ne. Wani ya bi hayaƙi ya fita, wani kuma ya shiga jikin ƙarfe, kuma dole a kwashe shi.

Bari mu yi ɗan lissafi na ƙiyasi. Inji mai ƙarfin doki 40, irin wanda ya cika gaɓar tekun Afirka ta Yamma, yana ba da kimanin kilowat 30 idan an taka shi sosai. Zafin da ruwa zai kwashe daga jikinsa bai yi nisa da wannan adadin ba. Wato kamar ka kunna butar lantarki 15, kowacce mai kilowat 2, a lokaci guda. Idan ruwan da ke ratsa injin zai ƙara zafi da digiri 20 kafin ya fita, ana buƙatar sama da lita 20 a kowane minti, kusan jarka guda ke nan.

To, idan ruwan ya tsaya fa? Alminiyam ba ya iya shanye zafi kamar ruwa, abin da yake ɗauka bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ruwa mai nauyinsa ke ɗauka ba. A ce ƙarfen da ke kewaye da silinda kilo 20 ne. Da wancan zafin, zai ƙaru da kusan digiri 100 cikin minti ɗaya. Fistin ya kumbura fiye da ramin da yake kai-kawo a ciki, man da ke tsakaninsu ya ƙone, sai ya cije. Shi ne ake cewa inji ya buga. Ka ga ke nan ba maganar "bari mu ƙarasa bakin gaɓa tukuna" ba ce.

Hanyar da ruwa ke bi

Mota tana da lagireto, ruwanta ɗaya ne yake ta zagayawa. Injin bayan kwale-kwale ba shi da lagireto. Ruwan da yake ciki shi yake zuƙa, ya ratsa da shi ta jikinsa, ya watsar. Ga zangon da ruwan ke bi:

Na farko, kafofin shiga. Suna can ƙasa a ƙafar injin, sama kaɗan da inda farfela take, yawanci a gefe biyu, an rufe su da raga ko 'yan tsage-tsage.

Na biyu, famfon ruwa. Yana zaune a saman akwatin giya. Sandar da ke sauko da juyi daga inji zuwa farfela ita ce ke juya shi. Zuciyar famfon wata 'yar fanka ce ta roba mai fukafukai, ana ce mata imfela. Ba a tsakiyar gidanta take zaune ba, an ɗan karkatar da ita gefe. Saboda haka fukafukan suna miƙewa a ɓangare mai faɗi su ɗebi ruwa, su lanƙwashe a ɓangaren da ya matse su tura shi sama. Idan inji na gudu sosai, ƙarfin ruwan kan kwantar da fukafukan baya, sai famfon ya koma watsa ruwa da ƙarfin juyi kawai. Riƙe wannan bayanin, zai yi mana amfani an jima.

Na uku, bututun da ke hawa da ruwa ta cikin ƙafar injin zuwa sama.

Na huɗu, hanyoyin ruwa da ke cikin ganga. 'Yan lunguna ne da ke kewaye silinda, kan silinda da murfin hayaƙi. A nan ne ainihin sanyayawar ke faruwa.

Na biyar, tamostat. Ƙofa ce mai buɗe kanta da kanta. Akwai kakin da ke cikinta wanda ke kumbura idan ya ji zafi ya tura ƙofar. A yawancin irin waɗannan injuna tana buɗewa ne tsakanin digiri 50 zuwa 60. Injuna da dama, musamman manya, suna da wani bawul mai sifirin kuma, wanda ke buɗewa idan matsin ruwa ya yi yawa lokacin gudu.

Daga nan mafi yawan ruwan sai ya gauraya da hayaƙi, ya sanyaya hanyarsa, su fita tare ta tsakiyar farfela a ƙarƙashin ruwa inda ba ka gani. Ɗan abin da kake gani yana tsartuwa a gefe, reshe ne kawai da aka fitar don ya zama maka shaida. Ko a Turanci masu jirage fitsarin inji suke kiransa, mu ma bari mu kira shi haka.

A nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. A injuna da dama, ana ɗibar ruwan fitsarin ne tun kafin ya kai ga tamostat. Abin da yake gaya maka shi ne famfo na turo ruwa, bai ce ruwan ya zaga ko'ina ba. Inji na iya fitsari da ƙarfi alhali yana dahuwa a ciki. Haka kuma fitsarin na iya ɗaukewa alhali injin lafiyarsa ƙalau, ramin fitar ne kawai ya toshe.

Abin da gishiri ke yi wa inji

Kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri iri-iri kimanin giram 35. A Bahar Maliya, inda masuntan Port Sudan ke aiki, ya kai wajen giram 40. Idan ka haɗa da lissafinmu na baya, a awa guda ta gudu sosai gishirin da ke ratsa injinka ya haura kilo 40, kusan buhu guda. Mafi yawansa wucewa yake yi. Ɗan abin da ya rage shi ne matsalar, kuma ta hanya uku yake ɓarna.

Ta farko ita ce ɓawon alli. Ka san farin ɓawon nan da ke taruwa a gindin butar dafa ruwa idan ana amfani da ruwan rijiya ko na burtsatse? Sinadarin kalsiyam ne. A kowace lita ta ruwan teku akwai kimanin giram 0.4 nasa. Sukari ya fi narkewa a ruwan zafi, amma gishirin kalsiyam, irin na alli da na jifsam, akasin haka yake yi: ruwa na ƙara zafi, shi kuma yana ficewa daga cikinsa ya manne a jikin ƙarfe. Abin ya fi tsanani idan zafi ya wuce wajen digiri 60. Wannan ne dalilin da ya sa tamostat ɗin injin ruwa ke buɗewa da wuri, alhali na mota sai ya kai digiri 80 zuwa 90. Ɓawon yana tsuke hanyar ruwa, kuma yana hana zafi tsallakawa daga ƙarfe zuwa ruwa. Wurin sai ya ƙara zafi, ƙarin zafin ya jawo ƙarin ɓawo.

Ta biyu tana faruwa ne bayan ka kashe inji. Ruwan da ya maƙale a lunguna yana bushewa da zafin ƙarfen, ya bar gishirinsa. Daidai abin da ake yi da gangan a filayen gishiri na Songor da ke Ada a Ghana, inda ake barin rana ta ƙafar da ruwa a kwashe gishiri. Kullum ka dawo daga teku ka ajiye inji ba wanki, ka ƙara shimfiɗa ɗaya.

Ta uku ita ce cin ƙarfe. Idan ƙarfe iri biyu suka haɗu a cikin ruwan gishiri, sun zama batir. Ruwan gishiri yana ɗaukar lantarki sosai fiye da ruwan kogi, sai ɗaya daga cikin ƙarafan ya riƙa zaizayewa. A injinka akwai alminiyam, akwai kuma sanda da kusoshi na ƙarfen sitenles, kuma alminiyam ne ke shan kashi. Farin garin da yake zama idan ya ci ya fi shi girma, don haka yana toshe hanyoyi, yana ɗaga gasket, yana kuma riƙe kusoshi gam har su karye wajen kwancewa.

Maganin wannan tsoho ne. A shekarar 1824, masanin kimiyyar nan na Ingila, Humphry Davy, ya nuna cewa idan aka manna guntun zinki ko baƙin ƙarfe a jikin jan ƙarfen da ake lulluɓe gindin jiragen yaƙin Birtaniya da shi, guntun ne zai cinye, jan ƙarfen ya tsira. Har yau dabarar ke nan. Waɗannan 'yan guntayen ƙarfe masu launin toka da ke maƙale a ƙafar injinka, ana ce musu anod, aikinsu su mutu a madadin injin. Injuna da yawa suna da wasu ƙanana a ɓoye cikin hanyoyin ruwa na ganga. A ruwan gishiri na zinki ko na alminiyam na musamman ake sawa. Na maganiziyam na ruwan kogi ne, a teku nan da nan yake ƙarewa. Idan anod ya cinye rabi, a canza shi. Kuma kada a kuskura a shafa masa fenti, an kashe amfaninsa ke nan.

Fitsari ya ɗauke kana kan ruwa: me za ka yi?

Rage wuta nan take, ka fitar da giya. Injuna da yawa suna da ƙararrawa, kuma suna rage gudu da kansu idan zafi ya yi yawa, amma ƙananan injunan da ake tuƙawa da hannu ba duka ke da ita ba. Idan ruwan bai dawo cikin 'yan daƙiƙu ba, kashe injin. In kana kusa da duwatsu ko hanyar manyan jirage, jefa anka kafin ka fara bincike, kowa kuma ya sa rigar kariya. Ka cire igiyar kashe inji daga mazauninta kafin hannunka ya je kusa da farfela.

Sai ka bi wannan jerin:

1. Ɗaga injin ka duba kafofin shiga. Sau da yawa a nan maganar ke ƙarewa. Ledar ruwan sha guda ɗaya ta isa ta rufe su ruf, kuma duk wanda ya san ruwan Legas ko bakin tekun Accra ya san leda ba ta yankewa. Akwai kuma ciyawar teku mai ruwan ƙasa-ƙasa da ake kira sargasum, wadda tun 2011 take taruwa jingim a gaɓar Afirka ta Yamma. Wani lokaci kana kashe inji ledar za ta saki da kanta ta tafi, ka duba ba ka ga komai ba. Idan jirgin a ruwa yake kwana da ƙafar inji a nutse, duba ko ƙananan halittun nan masu ɓawo sun manne a cikin ragar.

2. Tsokaci ramin fitsarin. Zaren fatsa mai kauri ya fi dacewa. Tura shi ciki ka jujjuya. Kada ka sa ƙusa ko waya mai tsini, za ta iya huda tiyon da ke ciki. Gishiri da yashi ne suka fi toshe shi. Idan kuma injin ya kwana biyu a ajiye, ka zargi zanzaro, don ramin daidai yake da inda yake son gina ɗakinsa na laka. In ka buɗe murfin inji ka zare ɗan tiyon daga bakin ramin, ka tayar, ka ga ruwa na zubowa da ƙarfi, to bakin ne kawai ya toshe.

3. Duba zurfin injin. Famfon ba ya iya jawo ruwa daga nesa, sai kafofin shiga sun nutse sosai. Idan an ɗaure injin ya yi sama da yawa, ko an karkata shi sama, ko kaya sun yi yawa a gaban jirgi har baya ya ɗaga, iska zai riƙa zuƙa, musamman idan teku na da igiya.

4. Bar shi ya huce, sannan ka gwada. Kada ka kwara wa gangar da ta yi zafi ruwan sanyi, tana iya tsagewa ko ta karkace. Bayan ya huce ka tayar. Idan ruwa ya fito da ƙarfi, koma gida a hankali kana lura. Idan bai fito ba cikin 'yan daƙiƙu, kashe shi, ka nemi a ja ka ko ka ɗauki filafili. Kuɗin ja bai kai kuɗin sabon inji ba.

Karanta alamomin

Idan an dawo tudu, lokacin da zafin ke zuwa shi ne babban mai ba da labari.

*Yana zafi ko fitsarinsa na rauni a ƙaramar wuta, amma da an taka sai ya gyaru.* Imfela ce ta gaji. Ka tuna mun ce a ƙaramar wuta famfon ya dogara ne da fukafukan su miƙe su manne da bangon gidansu. Robar da ta tsufa ta sandare a lanƙwashe ba ta iya wannan. Bawul mai sifirin da yashi ya hana shi rufewa shi ma yana kawo haka, don ruwan na zurarewa kafin ya cika ganga.

*Lafiya lau a ƙaramar wuta, amma yana zafi idan an taka.* Ruwa na zuwa, sai dai bai isa ba. Ka nemi abin da ya tsuke hanya: ragar da ta toshe rabi, ɓawon gishiri a cikin ganga, bawul ɗin da ya ƙi buɗewa, ko iskar da ke shiga saboda injin ya yi sama.

*Fitsari da ƙarfi, amma inji na zafi.* Fara da tamostat, wataƙila ta maƙale a rufe. In lafiyarta ƙalau, to lungunan ganga ne suka cushe.

*Fitsarin na yankewa yana dawowa, yana tofar da iska ko tururi.* Ko dai famfon na zuƙar iska ta gasket ɗinsa da ya lalace, ko hayaƙi na kutsawa cikin hanyar ruwa ta gasket ɗin kan silinda.

*Inji ba ya ɗumi sam, fulogi na yin baƙi, yana shan mai.* Tamostat ta maƙale a buɗe, ko wani ya cire ta.

Yaya za ka san zafin ya wuce kima? Na'urar auna zafi da ake haskawa daga nesa ita ce ta fi, kuma ba ta da tsada sosai. In babu, kan silindar da ke aiki daidai za ka iya ɗora masa hannu na 'yan daƙiƙu. Idan ɗigon ruwa na yin cuu a kansa, ko fentinsa ya canza launi, ya wuce gona da iri. Ka dai kiyayi faifan da ke juyawa a saman inji da wayoyin fulogi.

Imfela: ƙaramar roba, babban aiki

Ruwan da imfela ke turawa shi ne kuma man da ke sa ta santsi. Tayar da inji a tudu ba ruwa, ko da "don a ji ƙararsa" ne, yana iya ƙona ta cikin ƙasa da minti guda. Abokin gabarta na biyu yashi ne. Masu fitar da kwale-kwale ta bakin rairayi, inda igiyar ruwa ke tayar da yashi, famfonsu na shan gurza kullum. Littattafan kamfanoni irin su Yamaha da Mercury sukan ba da wa'adin canji kusan awa 300 ko shekara 3. Mai aiki kullum cikin gishiri da yashi, gara ya canza duk shekara.

Ana isa gare ta ne ta hanyar sauke akwatin giya. Idan ana yi maka aikin, ga abin da za ka sa wa ido:

Kada a canza robar kaɗai idan kofin ƙarfen da take juyawa a ciki ko farantin da ke ƙarƙashinta sun yi zane mai zurfi. Sabuwar imfela a tsohon gidan da ya gurje ba za ta daɗe ba. Ƙirga fukafukan tsohuwar. Idan wani ya gutsure, to yana can cikin hanyar ruwa, sau da yawa a bututun hawa ko wajen tamostat, kuma dole a nemo shi. A tabbata ɗan makullin ƙarfen da ke riƙe imfela da sanda yana wurinsa, in babu shi sandar za ta yi ta juyi ita kuwa imfela na tsaye. Wajen mayar da murfi, a shafa ruwan sabulu, a riƙa juya sandar yadda hannun agogo ke tafiya idan kana kallonta daga sama, don fukafukan su kwanta ta inda ya dace. Wajen mayar da akwatin giya, bututun hawa ya shiga bakin famfo daidai. Wanda ya canza imfela ya tayar bai ga ruwa ba, sau da yawa a nan ya kuskure. Kowace kusa kuma a shafa mata giris na ruwa, don a iya kwance ta baɗi.

Don Allah kada a cire tamostat

Duk mai mota a Najeriya ya taɓa jin bakanike na cewa tamostat ta ƙasar sanyi ce, a cire ta kawai. Wannan shawara ta bi wasu har bakin teku, kuma kuskure ce. Injin da ke aiki a sanyaye ba ya ƙona fetur da kyau, yana tara baƙi a fulogi da zoben fistin. A inji mai tankin baƙin mai daban, fetur ɗin da bai ƙone ba yana gangarawa ya tsinka man. Ban da haka, tamostat tana riƙe ruwa don ganga ta cika har sama. In babu ita, a wasu injunan ruwan na bin hanya mafi sauƙi ya fice, silindar sama ta zauna cikin zafi.

Gwada ta ba wuya. Yawanci kusoshi biyu zuwa huɗu ne ke riƙe da murfinta a saman inji. Rataya ta da zare a cikin tukunyar ruwa a kan wuta, kada ta taɓa gindin tukunyar. Ya kamata ta buɗe tun ruwan bai kusa tafasa ba, daidai adadin da aka buga a jikinta, ta kuma rufe idan ya huce. Leƙa ramin da ka ciro ta. Yawan farin ɓawon da ka gani a nan shi ne hoton abin da ke sauran lungunan da ba ka gani.

Idan abin ya kai ga gasket

Zafi mai tsanani sau ɗaya ya isa ya karkatar da kan silinda ya ƙona gasket. Alamominsa: fulogi ɗaya ya fito fes kamar an wanke shi alhali sauran na da launin ƙasa, ko ɗigon ruwa a bakinsa, ko baƙin mai ya koma kamar shayi da madara. Awon matsin silinda zai tabbatar, idan ɗaya ta gaza sauran da fiye da kashi 10 zuwa 15 cikin 100, akwai magana. Ruwan gishiri a cikin silinda ba ya jira, cikin kwana ɗaya ko biyu tsatsa ta kama. Wannan aikin ƙwararren bakanike ne, kuma na gaggawa.

Wankin da ke tsawaita ran inji

Mafi yawan abin da muka lissafa, ruwan daɗi na minti 10 zuwa 15 bayan kowace fita yana rage shi sosai. Hanya uku ce. Ko ka tsoma ƙafar injin cikin duro, ruwan ya haura saitin famfo da kyau, ka tayar ba giya a ƙaramar wuta. Ko ka sa robobin nan biyu masu kama kafofin shiga, ka haɗa da tiyo, ka buɗe ruwa kafin ka tayar, ka kashe inji kafin ka rufe ruwa. Ko kuma, a injunan da ke da bakin wanki na musamman, ka haɗa tiyo a nan, yawancinsu inji a kashe ake yi. Amfanin tayar da inji a hanyoyi biyun farko shi ne ya yi ɗumi har tamostat ta buɗe, ruwan daɗin ya ratsa ko'ina. Ka yi wankin da wuri, kafin gishirin ya bushe. Bayan an gama, bar injin a tsaye ba a kwance ba, don ruwan ya tsiyaye.

Mun san a wasu garuruwan bakin teku ruwan daɗi saye ake yi. Ko da duro guda ne masu jirgi biyu ko uku suka haɗa kuɗi suka cika, ana canza ruwan a kai a kai, ya fi babu nesa ba kusa ba.

Ruwan daɗi na narkar da gishiri, amma ba ya narkar da ɓawon alli. Shi sai abu mai tsami. Akwai magungunan wankin inji da ake sayarwa don haka, kuma ruwan khal, wato binega, yana cin ɓawon a hankali, ana jiƙa tamostat da murfinta a ciki sannan a ɗauraye sosai. Amma ruwan batir da asid ɗin wanke bayan gida, kada su kusanci injinka. Za su ci ɓawon, su haɗa da alminiyam ɗin.

A ƙarshe, ka tanadi 'yar jaka a cikin jirgi: imfela sabuwa da gasket ɗinta, tamostat, zaren fatsa mai kauri, sifana da sukudireba daidai da kusoshin injinka. Sannan ka mayar da waiwaye ɗabi'a. Kana tayar da inji, duba fitsarin kafin ka kwance igiya. Ka ratsa wurin leda, ciyawa ko yashi, sake dubawa. Ka san yadda ƙarfinsa yake a ranar da injin ke lafiya, don ranar da ya fara rauni idonka ya gane tun kana kusa da gaɓa.